Tiyon da Ke Naɗe Kansa

Ranar wata Talata ce, a daminar da na shiga aji huɗu a firamare, gero ya fara fitar da kai. Na taso daga makaranta na biya rumfar facin Babanmu da ke bakin titin Kabo kamar yadda na saba, sai na tarar da mutane sun yi cirko-cirko. Baba yana zaune a kan taya, an ɗaure masa goshi da tsumma, jini ya ɓata masa gaban riga. Tiyon iska ne ya harɗe masa ƙafa yana ɗauke da tayar amalanke, ya kifa, goshinsa ya daki bakin benci. Da ya ji muryata sai ya yi dariya ya ce, "Uwani, yau macijinki ya sare ni da ba kya nan." Uwani yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Macijin nan wani dogon baƙin tiyo ne da ya girme ni, kullum yana kwance a ƙasa daga injin iska har bakin titi. Jaki ya taka, mashin ya taka, mai baro ma ba ya kaucewa. Duk inda ya tsage Baba ya ɗaure da tsinken roba, har ɗaurin ya fi tiyon yawa. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, amma aikin bai gagare shi ba, domin da leɓe yake gane huji: ya kara robar taya kusa da bakinsa, inda ya ji sanyi nan ne. Abin da ke ƙasa ne kawai ba ya gani. Don haka aikina ya zama naɗe tiyo. Da an gama ba taya iska sai in bi shi, in naɗe tsakanin gwiwar hannu da babban yatsa, in rataye a ƙusa. Ƙawayena suna can suna carafke da 'yar gala-gala, ni ina cikin warin sholisho da ƙonanniyar roba, ina shan rake, ina jin labaran direbobin Getso da Gammo. Wallahi ban taɓa jin na yi asara ba.

Bayan faɗuwar nan Inna ta kafe sai an rufe rumfa. "Yau goshi ne, gobe ido," in ji ta, Baffa Sale, yayan Baba, ya mara mata baya. Baba bai yi musu ba. Ya koma zaure yana tufkar igiya, tuwo ya shiga ya fito kusan yadda yake. Idan mota ta tsaya a titi sai in ga ya ɗaga kai, sannan ya mayar. A nan na fara sanin mutum yana iya ramewa ba tare da ciwo ba, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Baba Yohanna ne ya kawo mafita. Mutumin kudancin Kaduna ne mai sayar da kayan gyaran mashin a Gwarzo, abokin Baba tun suna samari. Da ya zo dubiya ya ce akwai wani tiyo nannaɗaɗɗe, kamar hannun duma da ya kama danga, ana rataye shi a saman benci, ka ja ya biyo ka, ka saki ya koma. Da ya shiga Kano sari sai ya zo da guda uku, ja da ruwan ɗorawa da wani shuɗi mara ƙyalli, ya ce Baba ya gwada ya riƙe wanda ya yi masa. Inna ta yarda: in an sami mai ƙarko, a buɗe rumfa. Sai dai ta ƙara da cewa tunda tiyo zai naɗe kansa, Uwani ta dawo gida, ga Islamiyyar yamma, ga surfe, yarinya ta fara girma ba ta da zama a bakin titi. Ina tankaɗe na ji, rariyar ta kusa suɓuce mini.

Baba bai yi gaggawar zaɓe ba. Ni jan na so, ya ce mini, "Ido ne ke son ja, aiki ba ruwansa." Ya shafa musu baƙin mai, ya shanya su a kan kwanon rumfa rana ta dake su. Jan ya saki jiki kamar taliyar da ta dahu, aka ja shi ya ƙi komawa. Mai ruwan ɗorawa ya yi tauri, da Baba ya lanƙwasa shi ya bi da farce sai ya ji layin karaya. Ina ta murna a ɓoye, Allah Ya yafe mini. Saura shuɗin, mai nauyi a hannu, bakinsa na tagulla, da waya a naɗe a wuyansa don kada ya karye daga nan. Ya sa na ja shi har bakin titi na saki, ya koma tsaf.

Gwaji ɗaya ya rage, shi ne wanda leɓe ba ya iyawa. Baba ya tada inji, ya toshe bakin tiyon, ya nutsa mahaɗarsa cikin rabin duron ruwa. "Uwani, idonki ne nawa," in ji shi. "Akwai kumfa?" Daga ni sai shi a rumfar. Na ƙura wa ruwan ido ina neman ko ƙwaya ɗaya, ruwa ya kwanta luf. Na ɗago na ga tabon goshinsa, na tuna shi a zaure da igiya a hannu. Na ce, "Babu, Baba." Ya ce, "Ko ɗaya?" Na ce ko ɗaya. Ya yi hamdala, ni kuma na tafi bayan rumbu na sha kukana.

Aka rataye shuɗin a saman benci, rumfa ta buɗe, Baba ya koma cinye tuwonsa har da neman ƙari. Ni na koma turmi da allo. Ranar Alhamis, da yake ba Islamiyya, ina cikin wanke-wanke sai ga wata maƙwabciyarmu ta dawo daga kasuwa da saƙo: wai Baba ya ce Uwani ta zo ta naɗe masa tiyo. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Tashi ki je, ku da ubanki kun fi kusa." Na tarar da tiyon a naɗe a inda yake, ga rake an fere an ajiye a kan benci. Haka saƙon ya riƙa zuwa duk Alhamis har na tafi makarantar kwana.

Yanzu ƙanina ne a rumfar. Tayoyi sun canza, inji ya canza, tiyo kuwa kusan duk shekara sai ya sayi sabo, ba mai shanya shi a rana balle ya nutsa shi a ruwa. Shuɗin ya tsattsage, ya daina riƙe iska tun kafin Baba ya rasu, amma na hana a yar. Idan na zo daga Gwarzo nakan ja shi in saki, ya koma a hankali, kamar tsoho zai zauna. Har yau ba ya bukatar mai naɗe shi. Ni ce dai, duk Alhamis, nake kasa kunne ko za a aiko.