Murhun Rabi da Ake Kira na Hadiza

Rabi maginiyar tukwane ce. A Gangara aka haife ta, a gidan da uwa da kaka duk yumɓu suka taɓa, aure ne ya kawo ta Tanut wajen Mailafiya, wani tela mai sanyin hali da ke ɗinki a bakin kasuwa. Doguwar mace ce marar yawan dariya, kuma ta san hannunta na da kyau. Kowane tulu ta gina sai ta danna babban yatsanta a ƙarƙashin bakinsa kafin ya bushe. In mai saye ta yaba tulun ba ta tambayi mai shi ba, Rabi kan juya shi ta nuna mata gurbin yatsan.

Bayan farin shekarar saba'in da uku itace ya yi wa gari nisa. Mata kan fita da sassafe su dawo rana tsaka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ga iskar ƙasar tasu ta Damargu, wadda in ta ratsa tsakanin duwatsun murhu sai ta kwashe wutar ta kai gefe, tukunya na zaune tana jira. A shekarar ne wata Buzuwa mai suna Fadimata, wadda fari ya cinye wa dabbobi, ta kafa ƴar bukka a bayan dangar su Rabi. Rabi kan hango ta tana girki. Ba ta aza tukunya a fili. Rami take tonawa cikin rairayi, ta tara ƙasa ta ɓangaren da iska ke zuwa, sai ga ƴan karare kaɗan sun dafa mata abinci. Da damina ta dawo Fadimata ta naɗe tabarminta ta koma arewa, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Rabi ta kwaɓa yumɓu ta kewaye duwatsun murhunta da katanga, ta bar ƙofa ɗaya ta tura itace. Tuwon da ke cin dami sai ga shi rabin dami ya ishe shi. Ba ta ɓoye abin ba. Duk wadda ta shigo ta nuna mata, wadda ta roƙa ta je ta gina mata, ba ta karɓar komai sai godiya, kuma godiyar tana son ta ji ta da kyau. Aibin murhun ɗaya ne: in wuta ta gasa shi sosai sai ya tsage, wani lokaci gefe guda ya zube.

Cikin waɗanda ta gina wa akwai maƙwabciyarta Hadiza, mai suyar ƙosai a tashar mota. Hadiza ba ta kai Rabi shekaru ba, gajeruwa ce mai faran-faran da jama'a. Wutarta ba ta mutuwa daga safe har la'asar, don haka murhunta ne ya fara tsagewa. Maimakon ta kira Rabi, sai ta tuna yadda mahaifinta ke yaɓe rumbu. Ta haɗa yumɓu da ƙasar suri da ƙaiƙayi da kashin jaki, ta bar shi ya ruɓa, ta liƙe tsagar da shi. Inda ta liƙe bai sake buɗewa ba. Sai ta rushe murhun gaba ɗaya ta sake gina shi da wannan haɗin, ta kuma huda ƙananan kafofi biyu a baya don hayaƙi ya daina dawo mata a ido.

Da murna ta je ta kira Yaya Rabi ta zo ta gani. Rabi ta kewaya murhun, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ta ce ai ba laifi, sai dai bakin ya karkace. Ta koma gida. Amma duk murhun da ta gina daga ranar, da haɗin Hadiza ta gina shi, da kafofin nan biyu a baya.

Murhun Rabi yana cikin gida, bayan danga. Na Hadiza yana bakin hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Agadas, inda direbobin manyan motoci ke tsayawa, da matan ƙauye masu jiran mota. Kowa ya sayi ƙosai sai ya leƙa ya tambaya. Hadiza kan yi bayani tana juya ƙosai, takan kuma ce Yaya Rabi ce ta fara shi. Amma mai jiran mota fuskar da ya gani yake riƙewa. Kafin a jima, daga Gangara har Tenhiya, sunan abin ya zama murhun Hadiza.

Rabi ta fara jin sunan ne ranar wata kasuwa, tana zaune cikin tulunanta. Wata baƙuwa ta taya randa, suka daidaita, sannan ta tambaye ta ko, tunda ita maginiya ce, ta iya gina murhun Hadiza. Rabi ta dube ta har matar ta tsargu. Ta ce ba ta iya ba, randar ma ta fasa sayarwa.

Daga nan ta daina sayen ƙosai. In za ta kasuwa sai ta zaga ta bayan masallaci don kada ta bi ta tasha. In Hadiza ta aiko da ƙosai a kwano, Rabi kan ba yara, ta mayar da kwanon ba ko ɗan gero a ciki. Mailafiya ya sha ce mata ta bar wa Allah, tunda dai mata sun huta da dakon itace, ladanta na nan ko an kira sunanta ko ba a kira ba. Ita kuwa ta ce lada daban, suna daban, shi da yake ɗinka riga ai ba zai so a ce wani tela ne ya ɗinka ba.

Wajen shekarar tamanin aka shirya baje kolin sana'o'in hannu a Damagaram, aka ce ƙungiyar matan Tanut ta tura mai murhun nan ta je ta nuna. Shugabar ƙungiyar ta ambaci Hadiza ba tare da wani tunani ba. Rabi ta yafa mayafi ta tafi wajen mai unguwa. Shi kuma ya tara ta da Hadiza a zaurensa, da shugabar da wasu tsofaffin mata, ya ce ba shari'a zai yi ba. Kowace ta faɗa a gaban shaidu abin da hannunta ya yi da abin da ta samo wurin wani, tsakaninta da Allah.

Hadiza ce ta fara. Ta ce katangar da ƙofar ba nata ba ne, Yaya Rabi ce ta gina mata na farko da hannunta, kyauta. Haɗin ƙasar kuma na yaɓen rumbu ne, wurin mahaifinta ta gani, ita dai ta kawo shi kan murhu. Kafofin hayaƙi ne kaɗai za ta iya rantsuwa ba ta gani wurin kowa ba.

Rabi ta ji daɗin maganar, amma ta ji haushin yadda tsofaffin ke gyaɗa kai suna yaba gaskiyar Hadiza. Ko a nan ma ita ake yabo. Da mai unguwa ya juyo gare ta ya tambayi inda ta samo dabarar katangar, ta ce daga kanta. Sai wata tsohuwa, Umma, wadda gidanta ke kallon bayan dangar su Rabi, ta gyara zama ta ce tana tuna wata Buzuwa mai girki a rami shekarar fari, tana kuma tuna wadda ke leƙenta ta saman danga.

"Rami a rairayi ba murhu ba ne, Inna," in ji Rabi.

"Haka ne," in ji Umma. "Murhun da ke zubewa ma bai gama zama murhu ba, sai da aka liƙe shi."

Mai unguwa ya ce to, abin ya fito. Duk wadda za ta koya wa wata ginin murhun, ta ambaci mutum uku: Fadimata da ta tare iska, Rabi da ta gina katanga, Hadiza da ta hana shi tsagewa. Wadda ta ƙara wani abu nan gaba ta sa sunanta a bayan nasu, kada ta goge na kowa. Damagaram kuma su tafi su biyu.

Rabi ta shiga zauren tana neman abu sukutum, ta fito da kashi ɗaya cikin uku. Ta ce ba za ta hau mota ta je ta tsaya a bayan mai ƙosai ba. Hadiza ta zo har gida ta roƙe ta, Rabi ta ce ƙafarta ke ciwo. Hadiza ta tafi ita kaɗai. Waɗanda suka je sun ce ta ambaci sunayen nan uku a gaban manyan baƙi, har ta maimaita na Rabi. Ta dawo da turmin atamfa da aka ba ta, ta raba biyu ta aika wa Rabi rabi. Rabi ta sa shi a ƙasan adaka, ba ta taɓa kai wa Mailafiya ya ɗinka ba.

Abin da ta yi shi ne ta shiga ɗaki ta ƙirƙiro wani murhun, na gasasshen yumɓu kamar tukunya, wanda ake ɗauka a kai gona ko a aza wa jaki. Ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Wannan kam ba ta koya wa kowa ba. In tana gina shi sai ta sa a rufe ƙofar gida. Ta danna yatsanta a jikin kowanne, a inda ido zai fara sauka. Makiyaya sun saya, sun kuma san na Rabi ne. Sai dai hannu ɗaya ke yin sa, in ya fashe a daji babu mai gyarawa, don haka bai yi nisa ba.

Farin tamanin da huɗu ya watsa mutane da yawa. Mijin Hadiza ya kwashi iyalinsa suka yi kudu, ba su dawo ba. Wata mai waina ta gaji wurinta a tasha. Rabi ta zaci yanzu sunan zai dawo gida, amma mutane suka ci gaba da cewa murhun Hadiza, har yaran da ba su taɓa ganin Hadiza ba. Sunaye ukun da mai unguwa ya ce a riƙa faɗa, tsofaffi kaɗan ne suka riƙe.

Bayan wasu shekaru ƴar Rabi da ke aure a Belbeji ta haihu, Rabi ta je zaman jego. A tsakar gidan ta tarar da murhu mai baki biyu: wuta ɗaya, tukunyar tuwo a gaba, ta miya a baya tana shan zafin da ke wucewa. Ta tambayi uwar mijin ƴarta wane ne wannan. Matar ta ce murhun Asma'u ke nan, wata mai tuwon sayarwa a bakin kasuwarsu, kowa a garin irinsa yake ginawa. Rabi ta ce ita ce ta fara gina irin wannan murhun a Tanut, tun shekarar fari na farko. Matar ta ce Allah ya saka da alheri, ta ci gaba da tankaɗe.

Rabi ta yi kwanaki ba ta kalli murhun ba, ko ruwan wankan jego sai ta ce a aza mata a kan duwatsu. Ranar kasuwa dai ta kasa haƙuri, ta je ta sayi tuwo wurin Asma'u. Ta same ta yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƴarta ba. Ta zauna ta ci tuwon a hankali, idonta na kan hanyar da wuta ke bi daga baki na farko zuwa na biyu. Da ta tambaye ta wa ya koya mata, Asma'u ta ce wata ƴar Tanut ce da ake ce wa Hadiza ta nuna wa yayarta, ita baki na biyun kawai ta ƙara. Rabi ta wanke hannu ta tashi, ba ta faɗi ko ita wace ce ba.

Da ta koma Tanut ta rushe murhun tsakar gidanta ta gina mai baki biyu, ya kuwa fi na Belbeji tsari. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Wata ta tambaye ta ko wannan ma dabararta ce. Rabi ta ci gaba da shafe gefen murhun da jiƙaƙƙen hannu.

"Ba tawa ba ce," ta ce. "Wata ce a Belbeji."

Aka tambaye ta sunan matar. Ta ce ta manta, ta aiki wata jikarta ta ƙaro mata ruwa.