Ranar da Kawu Ya Ga Kansa a Bango

Ko tsufa zai kwashe min duk abin da ke kaina, na san ba zai iya da ranar da kawuna ya zo baje kolin zanenmu a Samaru ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a sashen zane-zane na jami'a. Zanen mutane da fentin mai na karanta, kuma kamar duk 'yan ajinmu, ciwon ma'ana ya kama ni. Malamin da ke duba aikina ba ya son ka zana mutum kawai a matsayin mutum. Idan ka zana mace da tulu, sai ya tambaye ka me tulun ke wakilta. Idan ka ce ruwa ne a ciki, sai ya cire tabarau ya dube ka da tausayi. Saboda haka muka koyi cusa alamomi a kowane lungu. Kaza ta zama talaka, tsani ya zama buri, fasasshen kwano ya zama ƙasar nan baki ɗaya. Wani ɗan ajinmu kuwa sai da ya zana akuya bakwai, kowace da ma'aikatar gwamnatin da take wakilta.

Ni na yanke shawarar babban aikina zai kasance a kan haɗamar masu mulki. Na gama tsara komai a kaina, abin da ya rage shi ne wanda zai zauna in zana. Ina son mutum mai tumbi, mai faɗin fuska, mai irin murmushin nan na wanda ya ci ya ƙoshi. Na yi sati biyu ina duba mutane a tasha da bakin ƙofar makaranta ban samu ba. Ran nan na je gaishe da kawuna a shagonsa na kayan gyaran babur a Sabon Gari, na same shi ya jingina da kujera bayan ya gama da kwanon shinkafa da wake. Ina ganinsa na ce a raina, ga mutumina.

Ya kamata in faɗi wane ne kawun nan, don a san girman rashin kunyata. Ƙanin mahaifiyata ne. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne ya tsaya mana. Lokacin da na ce zane zan karanta, dangi suka taso, wasu na cewa karatun banza ne, wasu na cewa bai dace da 'ya mace ba, shi kaɗai ya ce a ƙyale yarinya ta yi abin da hannunta ya iya. Mutum ne da ko canjin naira goma ka manta a shagonsa sai ya bi ka da shi har bakin titi. Laifinsa ɗaya a duniya shi ne Allah ya ba shi surar kansila.

Da na ce masa ina son in zana shi, sai ya gyara zama nan take, kamar a lokacin zan fara. Ban gaya masa komai game da haɗama ba. Na ce aikin makaranta ne, kuma za a rataye shi jama'a su gani. Sati uku yana zuwa ɗakin zanenmu duk ranar Lahadi, daga Dogarawa har Samaru, cikin babbar riga fara wadda matarsa ta ce tun ɗaurin auren ƙanwarsu bai sake sa ta ba. Yana zaune yana jan carbi yana ba ni labarin mahaifina, yadda suka yi yawon kallon ƙwallo suna samari, yadda ya zo neman auren mahaifiyata da takalmin aro. Ni kuwa ina amsa masa da to, to, idona na kan tumbinsa, ina lissafin yadda zan ƙara masa faɗi. Duk lokacin da ya nemi ya leƙa, sai in ce ƙa'idar aiki ce ba a gani sai an gama. Babu wata ƙa'ida irin wannan.

Bayan ya daina zuwa na shiga zuba kayana. Na cire carbin na sa masa tarin mukullai a hannun dama. A hagu na ba shi rariya, ruwa na tsiyaya ta ƙasa. Na sa ƙafarsa a kan takalman 'yan makaranta. Ƙarƙashin kujera ɓera yana cin littafi, a taga kuma angulu ta leƙo. Malamina ya gani ya ce wannan shi ne aiki. Na rubuta sunan zanen da Turanci a ɗan kati, abin da ke nufin wanda ya cinye rabon kowa.

Gaskiya na yi niyyar kada kawu ya san ranar baje kolin. Mahaifiyata ce ta gaya masa, da kyakkyawar niyya. Ina tsaye gefen zanena da safe, ina maimaita bayanin da zan yi wa babban malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya ba mu maki, sai na hango farar babbar rigar nan tana shigowa. Ba shi kaɗai ba ne. Ya cika Keke Napep biyu da 'yan layinsu na kasuwa. Cikinsu har da maƙwabcin shagonsa, wani Ibo mai sayar da tayoyi, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa kyau, kuma abin takaici, Turancinsa ma haka.

Kawu ya tsaya gaban zanen ya daɗe yana kallo. Can sai ya juya ga mutanensa fuska cike da fara'a, ya fara yi musu bayani da kansa. Mukullan nan, in ji shi, na shago ne da na gida, alamar mai riƙon amana. Rariya kuwa yarinyar ta san hannunsa ba ya riƙe abu, duk abin da ya samu na jama'a ne. Takalman yara, ai kowa ya san yaran da ya sa a makaranta. Da ya zo kan ɓera ya yi dariya ya ce wannan kam gaskiya ce, shagon akwai ɓeraye, yarinyar ba ta ɓoye komai ba. Angulu ce kaɗai ta ɗan tsayar da shi. Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya ce wataƙila shaho ne fentin bai ishe shi ba.

Ɗalibai suka fara taruwa, suna kallon zanen suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ya koma gefen hoton ya tsaya irin tsayuwar da ta dace, a ɗauke shi a waya.

Ana cikin haka malamai suka iso. Babban baƙon ya gyara tabarau ya ce in yi bayani. Na dubi kawu, na dubi takardar makin da ke hannun mutumin. Shekara huɗu na karatuna suna cikin takardar nan. Da zan ce na yi dogon tunani da na yi ƙarya. Na buɗe baki na zuba bayanin da na haddace, da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, ina fatan hayaniyar ɗakin za ta rufe ni. Na ce mukullan na baitulmali ne da aka kulle wa jama'a. Na ce rariya alkawuran da ba sa riƙe ruwa ce, ɓera kuma ilimin da aka bari ya lalace. Baƙon yana ta gyaɗa kai.

Kawu, da ba ya jin Turanci, ya ga ana ta nuna hotonsa da biro, sai ya taɓa maƙwabcinsa ya tambaye shi me nake cewa. Mutumin ya sosa ƙeya. Kawu ya sake tambaya.

"Alhaji," in ji maƙwabcin, "ta ce kai ɓarawo ne. Amma da Turanci mai kyau."

Wani daga cikin 'yan kasuwar ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin shi ne baƙon malamin, wanda ba ya jin Hausa. Da ya gane wannan ne mutumin da ke cikin zanen, sai ya kama hannun kawu da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa bai taɓa ganin fuskar da ta dace da saƙo haka ba. Maƙwabcin ya fassara wannan ma, ba tare da an tambaye shi ba.

Kawu ya zare hannunsa a hankali, ya tattare babbar rigarsa ya fita. Na samu maki mafi girma a ajinmu, kuma ban taɓa samun abin da na kasa yin murna da shi kamar wannan ba.

Kafin la'asar labari ya zagaye layin masu kayan babur, kuma daga ranar sunansa ya koma Ciyaman. Yana buɗe shago za a ce Ciyaman ya fito, a gyara hanya. Mahaifiyata ta yi min faɗan da ban taɓa jin irinsa ba, ta ce kada in sake zama a gabanta sai na je na ba ɗan'uwanta haƙuri. Sai da na yi kwana tara ina tattara ƙarfin hali.

Na same shi a shago yana jera fulogi a kwali. Na durƙusa na fara dogon bayani, cewa ba shi nake nufi ba, fuskarsa kawai na ara, a zane mutum kan tsaya a madadin wani abu. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce shi ɓeran bai dame shi ba, angulun ma ya yafe mata.

"Sati uku ina zaune ina ba ki labarin ubanki, ke kina kallona," ya ce. "Na ɗauka ni kike gani. Duk zaman nan abin da kika gani ke nan?"

Na ce a'a, wallahi ba shi ba ne.

"To ina wanda kika gani ɗin? Shi nake son ki zana min."

Haka na sake kafa katakon zane, wannan karon a tsakar gidansa a Dogarawa, shi kuma da sharaɗin zai leƙa duk lokacin da ya ga dama. Ashe kawu ya fi malamina son alama. Ya sa na zana rediyonsa, da sifanar da ya fara aiki da ita yana yaron shago, da hular mahaifina da ya ajiye tun rasuwarsa, wadda ni ban ma san tana wurinsa ba. Kowane abu sai ya gaya min dalilinsa kafin in taɓa buroshi. A kan tumbi kaɗai muka yi rigima. Ya ce in rage, na ce ai yanzu gaskiya muke zanawa, muka tsaya a tsakiya.

Wannan zanen yana rataye a falonsa. Na farkon kuwa sashenmu ya riƙe, kuma na ji har yanzu ana nuna wa sababbin ɗalibai shi a matsayin misali, abin da ban taɓa gaya wa kawu ba. Sunan Ciyaman ma bai bar shi ba, har ya gaji ya fara amsawa.

Har yau ina zane, kuma har yau ina cusa alamomi, don ciwon ba ya warkewa. Amma na koyi cewa fuskar mutum tasa ce, tana ɗauke da nata labarin tun kafin ka zo da naka. Duk wanda zai zauna a gabana yanzu, sai na fara gaya masa da Hausa abin da zan sa shi ya zama, ya yarda ko ya tashi. Da yawa sun tashi, kuma ban ga laifinsu ba.