Ranar da na auna ƴan wake a kan sikeli

Wata bakwai ke nan da rasuwar yayana. Mutane sun faɗi alherinsa da yawa, kuma duk gaskiya ne. Ni dai abin da nake yawan tunawa shi ne ranar da ya hau sikelin wake da duwatsu a aljihu.

A lokacin na samu aiki a wani buro na asirans a Ƙwanni. Mutum yana zuba wani abu duk wata, idan ya yi rashin lafiya a biya masa asibiti, idan ya rasu a bai wa iyalinsa. Ban yi karatun lakwal mai zurfi ba, don haka shef, wato shugaban buron, ya ɗauke ni gwaji: in kawo mutum goma cikin wata guda, ko in mayar da jaka da takardu. Na yi kusan mako uku ina yawo ban samu ko ɗaya ba. Da na ce "idan ka rasu", sai mutum ya ce Allah ya kiyaye, ya tashi wai zai yi alwala.

Yayana wake yake sayarwa a kasuwar Badaguishiri. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har da tari.

"Wa zai sayi abu wurin mai fuskar zaman makoki? Zo ran kasuwa, ɗan buro, ka ga aiki."

Na je. Kafin azahar ya tara mini abokan sana'arsa tara, shi na goma. Bai yi musu bayani ba ko kaɗan. Cewa ya yi wanda bai shiga ba matsoraci ne, kuma matarsa za ta ji labari.

Muna cikin cika takardu muka iso wurin da aka ce a rubuta nauyin mutum. Babu wanda ya san nasa. Wani ya ce shi dai jakinsa ba ya son ya hau shi. Sai muka ɗunguma wurin tsohon da ke riƙe da sikelin kasuwa, mai faffaɗan ƙarfe da ake ɗora buhu, a tura ɗan ƙarfen awo a kan sanda har ta daidaita.

Na farko ya hau, kilo saba'in da ɗaya. Kasuwa ta ɗauki ihu.

"Ko buhu guda bai kai ba!"

"Wannan sai dai a sayar da shi a tiya!"

Mutumin ya ce bai ci abinci ba ne, ya tafi wurin mai tuwo ya dawo. Daga nan abu ya lalace. Mutanen nan tun suna yara suke addu'ar sikeli ya yi nauyi, ba za su daina a ranar ba. Wani ya hau da sarƙar moto, wato babur, a ƙugu. Wani ya riƙe hannun amininsa wai jiri yake ji, aminin kuwa yana dannawa. Wani ya ce sai an auna shi da ragonsa, tunda tare suke kwana a zaure. Na ga wasu abubuwan, na kau da kai, don duk sun girme ni. Ni ma kuma a zatona ƙiba lafiya ce, buro zai yi murna. Yayana ya hau na ƙarshe cikin babbar riga, aljihunsa yana ƙwaram ƙwaram, wani abokinsa kuma ya saƙalo ƙafa yana danna masa. Kilo ɗari da ashirin da takwas. Aka yi masa guɗa.

Shef ya duba takardun a hankali, ya cire tabarau.

"Mutane ka kawo mini ko shanu?"

Ya ce nauyi irin wannan alamar ciwo ce a wurinsu, ba za a karɓi ko ɗaya ba. Ya ba ni sababbin takardu. Kasuwa ɗaya ta rage kafin wata ya ƙare.

Da na koma na yi wa yayana bayani, sai ya tafa hannu.

"Wato buro bai son nauyi? To ai masu saye ne, su ke son sikeli ya yi sauƙi. Mi ya hana ka faɗi tun farko?"

Ya hau kan buhu ya sanar cewa yau wanda ya fi sauƙi shi ne gwani. Sai zamba ta juya. Mai ragon nan ya tsaya da ƙafa ɗaya. Wanda ya je cin tuwo wancan karon ya ce azumi ya ɗauka tun jiya saboda ni. Wani ya tofar da goro, ya cire hula, ya riƙe numfashi har idanunsa suka yi ja. Mai sarƙa ya kama azarar rumfa yana ɗaga kansa, tsoho ya buge masa hannu da sanda. Wannan karon ban ji kunyar kowa ba. Na ce ƙafa biyu a ƙasa, hannu a cinya, aljihu a zazzage. Na samu tara na gaskiya.

Saura yayana. Ya ce yana da ciniki, ya ce bari ya sha ruwa. Abokansa suka turo shi. Ya zubar da duwatsu ana dariya, ya cire babbar riga. Akwai wata a ƙarƙashinta, ya cire. Akwai kuma rigar sanyi, a cikin zafin bazara. Ya hau. Tsoho ya tura ɗan ƙarfen baya, ya ƙara turawa, ya ƙara. Kilo hamsin da huɗu. Mutumin da na sani yana ɗaukar buhu shi kaɗai.

Tsoho ya sunkuya ya sake duba sandar awo.

"Baba, sikelinka ya tsufa kamarka," in ji yayana. Aka ɗan yi dariya.

Ya ja ni bayan rumfa yana mayar da rigunan. Ya ce wata biyar ke nan yana zuwa wurin likita a Tawa, matarsa ce kaɗai ta sani. Akwai wurin tambayar rashin lafiya a takarda, na kuma san buro ba zai karɓe shi ba. Na ce zan bar wurin babu rubutu.

"In sun gane, kai za su kora. Cire ni."

"Yaya, tara ke nan."

"Na iya ƙirga."

Ya leƙa ya dubi kasuwa, idonsa ya sauka kan mai sikeli.

"Baba! Shekara nawa kana tona asirin buhunan mutane? Yau naka za mu gani."

Tsoho ya ce shi ba a auna shi, haka ya gada. Ya ce in ya hau wa zai karanta? Ya ce yana da alwala. Mutum huɗu suka ɗaga shi cak suka ɗora, yana zagin kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, yayana yana tura ɗan ƙarfen da kansa, yana cewa a hankali kada iska ta ɗauke shi. Kilo sittin daidai. Tsoho ya ce ƙarya ne, sikelin bai taɓa yin daidai ba, ya kuma gane abin da ya faɗa a gaban ƴan wake. Don a bar maganar ya dangwala yatsa a takarda da sauri.

Washegari na kai takardu goma. Shef ya duba, ya buga hatimi, ya ce in zo ran Litinin a ba ni teburi. Har yau a buron nake.

Yayana ya yi shekara uku bayan nan. Takardarsa ta biyu ban kai ba, ban kuma ƙarasa cika ta ba. Allah ya jiƙansa.