Zaren da Aka Datse wa Baba Tela

Kowace Asabar, in rana ta yi sanyi, Baba Tela yakan rufe keken ɗinkinsa da tsumma, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya nufi barandar coci. Shekara talatin da huɗu yana koyar da masu shirin baftisma a kan benci ɗaya, ba wanda ya taɓa tsayar da shi a gaban jama'a ya ce masa sannu.

Darasin da ya fi ba mutane wuya shi ne na Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Baba ba ya son misalai. Wani direba ya taɓa kawo na ƙwai, wai ɓawo da fari da gwaiduwa. Baba ya ce, "Ɗana, kai ƙwanka gida a soya maka. Mu nan aya muke nema."

Dabararsa ta tela ce. Shafin da ya ce Allah ɗaya ne, sai ya soka allura da zare a gefe ya yi ƙulli ɗaya. Inda ukun suka bayyana tare, ƙulli uku. Har bakin littafin ya koma kamar gezar mayafi.

Wata mai sayar da kifi ta ba mu labarin ranar da ta zo masa da hawaye, yayanta ya yi mata gorin tana bauta wa alloli uku, ita kuma ba ta iya karatu ba. Baba ya ɗora yatsanta a kan ƙulli ɗaya, ya karanta mata inda Musa ya ce Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Ya kai ta ƙulli uku, bakin kogin Urdun: Ɗan yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana sauka kamar kurciya, muryar Uba daga sama. Ya kai ta ƙarshen Matiyu, inda aka umarci yin baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya gaya mata shi ma bai ga ƙarshen zurfin abin ba, amma dai ga inda aka rubuta.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa ƙara wa Allah abin da bai faɗa ba. Allura mai tufatar da jama'a, kai kana tsirara.

Bara idanunsa suka mutu. Bai fasa zuwa ba, yatsunsa sun san hanya: ya shafa ƙulli, ya tuna ayar, ya faɗe ta da ka. Da dattawa suka ce ya huta, matan coci suka so yi masa alheri. Suka karɓi littafin a ɓoye daga hannun 'yarsa, suka kai wa mai gyaran littattafai ya sa masa sabon bango. Mutumin ya ɗauka zaren ƙazanta ce, ya datse bakin shafukan tas.

Ranar sallama aka miƙa masa, ana tafi. Ya shafa bakin littafin sama da ƙasa, ya sake shafawa. Sannan ya ce, "Ya yi santsi. Allah ya yi muku albarka."

Aka tambaya wa zai karɓi ajin. Kowa ya sunkuyar da kai, har mu da muka ci moriyarsa.

Ƙulli ɗari da ɗoriya ne a da. 'Yarsa in ta leƙo takan karanta masa, sun mayar da ƙulli tara. Ta ce wasu ayoyin sun fara suɓuce masa, yakan kama farkonsu ƙarshen ya gudu.

Mun gode, Baba, ko da godiyar ta makara. Ku kuma masu ido, ba huɗuba ake nema a wurinku ba. Zama kawai, ku buɗe shafi ku karanta a hankali. Allurar tana hannunsa, amma sai wani ya zura masa zaren.