Katangar da muka ɗora ni da kawuna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin Damagaram, mahaifiyata ta aiko mini daga ƙauyenmu, can wajen Tirmini, cewa ruwa na cinye gonarmu. Gonar a gindin dutse take. Duk damina ruwa ya gangaro sai ya yage wani yanki ya tafi da shi, har ya haƙa rami mai kai wa ƙugu. Gonar nan kaɗai mahaifinmu ya bar mana, da geronta gidan ke ci.

Da aka ba mu hutu na tafi da ƙarfina, in tare ruwan da katangar dutse. A raina na ce, jera dutse kan dutse ai ba sai an koya ba. Kwana uku ina ɗora su kamar bulo, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Ran na huɗu mahaifiyata ta turo kawuna, yayanta, wanda ya yi rayuwarsa yana gina katangar dutse ba laka ba siminti. A lokacin idanunsa sun dushe, da sanda yake tafiya. Ya shafa katangata da tafin hannu, ya ɗan jingina kafaɗarsa. Rabinta ya zube.

"Mushe," ya ce yana dariya, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, "wannan 'yan lakwal ka jera a layi, ba duwatsu ba. Babu wanda ya riƙe ɗan'uwansa."

Na ce, "Kawu, to mu sayo siminti mana."

"Ka toshe wa ruwa hanya? Ai sai ya yi fushi ya kwashe duka. Ba tare shi za mu yi ba, ɗana. Gajiyar da shi za mu yi."

Daga ranar na koma mai miƙo dutse. Manya a ƙasa, kowane ɗaya ya hau kan biyu, ƙanana a cusa a tsakiya, katangar ta ɗan kwanta wajen tudu. Shi ba ya ganinsu sosai. Sai ya juya dutse a hannu, a hankali, kamar mai sauraron wani abu a cikinsa, sannan ya ajiye shi, ka ji ya zauna ɗas. Kwanakin nan har yau kamar mafarki nake tuna su. Zafin bazara na rawa a kan ƙasa, manyan duwatsun can sama sun durƙusa kamar raƙuma, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar dutse na taɓa dutse. Mukan yi rabin yini ba mu ce uffan ba. Ni da nake cika aji da surutu!

Ruwan farko ya sauko wata la'asar, muna gona. Muka fake gindin tsamiya. Ruwan ya gangaro jajir, ya daki katangar, ya taru, sannan ya fara tsiyaya ta ƙofofin a natse, ya bar ƙasar a baya.

"Me kake gani?" kawu ya tambaye ni.

"Tana tsaye, Kawu."

"Na sani. Na ji muryar ruwan ta sauka."

Kawu ya rasu bayan damina biyu, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne haƙurin juya abu a hannu kafin in yanke masa wuri, ko ɗalibi ne ko magana. Bara na je gonar. Ƙasa ta cike ramin, ta hau har kusan kan katangar, saura jeri ɗaya ake gani tsakanin karan gero. Nan gaba kaɗan katangar za ta nutse gaba ɗaya, mai noma ya bi ta kanta bai san tana nan ba. Na zauna a kan jerin da ya rage har rana ta yi sanyi.