Ƙafar Inna ta Hagu

Inna dillaliya ce. Tun ina ƙarama na san ta da ƙunshin atamfofi a ka, tana shiga gidajen Agege, tana kai wa matan da ba sa fita abin da suka yi sautu. Yarbanci a bakinta kamar Hausa. Mahaifinmu ya rasu da wuri, da yawon nan ta ciyar da mu har ta aurar da ni a Ogba.

Ciwon ya fara ne a sharaɓarta ta hagu. In ta yi ɗan nisa sai ta ɗaure mata tamau. Ba ta son a gane, sai ta tsaya wajen mai gasa masara ko mai shago ta yi ta jan gaisuwa har ciwon ya sake ta. Mu kuwa muka ɗauka surutun tsufa ne. Tana da ciwon sukari, amma ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Wata rana na je na same ta zaune a bakin gado, ƙafar tana reto. Ta ce haka take barci yanzu, don in ta miƙe ta raɗaɗi ba ya barinta. Na taɓa tafin, na ji sanyi kamar gindin randa. Ƙaramin yatsa ya yi baƙi, daga ɗan raunin da ta ji wajen yankan farce.

A asibiti likitan, wani Bayarabe mai sanyin murya, ya daɗe yana laluben bayan ƙafar da yatsunsa bai ji bugun jini ba. Bayan an yi hoto ya yi mata bayani da Yarbanci. Ya ce babbar jijiyar da ke kai jini ƙasa ta toshe daga cinya har ƙasan gwiwa. Za su ciro wata jijiya a jikin ƙafar, su jona ta sama da inda ya toshe, su sake jona ta ƙasa, jini ya zagaya.

"Kamar motar danfo in hanya ta cushe ta bi lungu," in ji Inna.

Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Mama. Sai dai lungun ma yakan toshe. Ba zan ɓoye miki ba."

Kawu, ƙanenta, ya bugo waya daga arewa yana faɗa, wai kada mu yarda a tsaga ta, a kawo ta gida a yi na gargajiya. Ta karɓi wayar daga hannuna ta ce, "Ɗan'uwa, ni nake kwana da ita. Ka yi mini addu'a kawai."

Aikin ya ɗauki wuni. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne in ɗaga mayafin in taɓa. Na taɓa. Ƙafar da ɗumi. Na kifa kaina a gefen gadon ina kuka, ita kuma tana shafa ɗankwalina tana cewa in yi shiru kada a ce mutuwa aka yi. Yatsan dai sai da aka cire shi, ga ɗinki tun daga cinya har kusa da idon sawu.

Daminar nan Inna ta yi tafiya. Ba ta koma ɗaukar kaya ba, amma ta je suna, ta je gaisuwar mutuwa, har mayankar Oko-Oba ta taka ta sayo ƙafar saniya ta yi mana farfesu, tana tsokana wai ramuwa take yi. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta watannin nan ba.

Sai wata safiya maƙwabciyarta ta kira ni. Ƙafar ta koma sanyi, ta yi fari fat, Inna tana cizon bakin zane. Likitan ya ce jijiyar da aka jona ta toshe. Suka sake shiga da ita ɗakin tiyata don su buɗe, ba ta buɗu ba. Ya zauna a gefenta ya ce in ba a yanke daga saman gwiwa ba, ruɓar za ta hau jiki.

Ta kalli silin. Sannan ta ce, "To. Allah ya sa hakan ne alheri."

Da aka yanke, mijina ne ya karɓo ƙafar, ya naɗe ta da farin ƙyalle, ya kai maƙabarta. Da ya dawo ta tambaye shi, "Ɗana, an rufe ta da kyau?" Ya ce an rufe. Ta ce, "Ta riga ni ke nan. In tawa ta zo ku sa ni kusa da ita."

Na dawo da ita gidana. A Ogba ba ta san kowa ba. Takan zauna a baranda tana kallon masu wucewa, wani lokaci ta sunkuya za ta sosa tafin da babu, sai ta tuna, ta mai da hannu cinya. Matan Agege suka yi ta zuwa da farko, daga baya suka ragu, don hanya da nisa kuma kowa da hidimarsa. Maganarta ma ta ragu. In na zuba mata tuwo sai ta ɗan taɓa ta ture.

Zuciyarta ce ta tsaya, wata ranar Laraba bayan la'asar, ina tsefe mata kai. Dama likita ya ce irin toshewar nan ba a ƙafa kaɗai take tsayawa ba.

Mijina ya riga masu haƙa zuwa maƙabarta don ya nuna musu wurin da ya rufe ƙafar. Ciyawa ta rufe ko'ina, an kuma yi sababbin kaburbura da yawa a gefen. Ya yi ta zagaye bai gane ba, rana kuma tana shirin faɗuwa. Aka sa ta inda aka samu fili. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki, takalmansa duk laka, ya ce, "Ki yi haƙuri, na nema." Na ce ba komai, na tashi na ɗebo masa ruwan alwala.