Yaya Hajo da tsutsotsin tumfafiya

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hajo, kuma sai bana aka yi mini tambaya a kanta wadda har yau ban san ainihin amsarta ba.

Gubar dalma ta ɗauke mata ɗa namiji a ƙauyenmu, kusa da Bagega, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Da muka dawo Anka ba ta yi kukan da ake jira ba. Sai ta kama wata tumfafiya a bayan ɗaki ta hana a sare. Tsutsotsi ne a jiki, masu zanen baƙi da fari da rawaya, suna cin ganyen da akuya ma ke yi wa yanga. In tsutsa ta ƙoshi sai ta rataye kanta, ta dunƙule ta zama ɗan ƙulli kore mai ɗigon ruwan zinariya. Yaya ta kai shi ɗaki ta yi ta gadi, har malam-buɗe-littafi ya fito, ja-ja mai baƙin gefe da farin ɗigo. Irinsa fa ko'ina akwai, daga fadamar Gummi har tudun Bukkuyum. Ita dai sai nata. Ta buɗe taga ta sake shi, ranar ta ci tuwo da kyau.

Mutane suka ce ta taɓu. Ni a lokacin haushi nake ji, yanzu kuma ban san me nake ji ba. Ciwo ne ko magani? Da tana nan, da dariya za ta yi mini, ko faɗa?

Bana 'yar Hajo Balkisu, wadda nake riƙo, ta sami miji, wanda take so. Dangin yaron suka turo gwaggonsa bincike, ta zauna a tabarmata ta ce, "Mun ji an ce uwar ɗiyar ga ta samu taɓin hankali. Gaskiya na?"

Na ce lafiyarta lau har ta koma ga Allah. Ta ce za su yi shawara, kuma har yau shiru.

Da na gaya wa Balkisu, sai ta ja ni ɗakinta ta buɗe wani kwanon sha. Ƙulli biyu ne kore a jikin ganye.

"Inna, tun bara nika yi a ɓoye. In zubar?"

Abin da Hajo ta bari ke nan, ban sani ba ko gado ne ko jarrabawa. Na daɗe ina kallon kwanon. Na ce ta rufe, kada iska ta buge su.